Fitilar Hazo Ba Ta Ado Ba Ce

Jama'a, in hunturu ya kama, 'yan'uwanmu mazauna Kurmi, daga Agege da Idi Araba da Sabon Ibadan da Shagamu, sukan ɗauko hanyar gida domin ganin dangi. Kafin su taso kuwa, da yawansu sai sun biya kasuwar Ladipo a Ikko an sauya musu ƙwan fitilar hazo, watau ƙananan fitilun nan biyu na ƙasan bamba. A cire na asali, a sa wani fari fat mai suna LED, wai don a keta hazon Arewa. To, a kan wannan al'amari nake so mu yi magana.

Wani dare cikin sanyin da ya wuce, ina cikin motar haya daga Keffi za mu Gitata, a kan hanyar da ta miƙe Panda ta nufi Kudancin Kaduna, sai ga wata mota ta tunkaro mu da fitilu huɗu suna walƙiya. Direbanmu, dattijo ne da ya daɗe a kan hanyar, ya rage gudu ya koma gefe yana salati, domin ba ya ganin komai. Da motar ta wuce sai ga ɗan acaba da buhunan doya gab da mu, ba ko fitilar baya. Allah ne ya kiyaye. Na tabbata mai waccan mota yana ganin ya yi wa kansa gata ne.

Hazon hunturu ƙura ce mai laushi da iska ke kwasowa daga hamada, galibi daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi. Duk hasken da ka watsa cikinta sama, ita ma sai ta mayar maka da shi a ido, ka ga kamar an rataya farin zane a gabanka. Shi ya sa masu ƙera mota suka sa fitilar hazo can ƙasa, suka yi ta yadda haskenta zai kwanta a kan kwalta, ya buɗe gefe da gefe ya nuna maka bakin hanya. Aikinta ke nan, ba hangen nesa ba. Mai jin cewa ƙarin haske shi ne ƙarin gani bai fahimci abin ba.

Bugu da ƙari, kwanon fitilar an auna shi ne da ɗan zaren ƙwan halojin, daidai inda zaren yake zaune. In aka cusa LED na araha, hasken yana fitowa daga wani wuri dabam, sai ya tarwatse har cikin idon mai zuwa. Wasu kuma sukan cire ƙwai mai wat 55 su sa mai wat 100, daga nan waya ta yi zafi, roba ta narke, fiyus ya yi ta ƙonewa, mai gyaran waya ya ɗaure shi da zaren tagulla. Gobarar mota ba ta buƙatar fiye da haka.

A ganina, wanda ƙwansa ya mutu ya duba lambar da ke jikinsa, ko H3 ko H8 ko H11, ya sayi irinsa, ya sauya biyun tare. Kada a taɓa gilashin halojin da yatsa, don maiƙon hannu yana rage masa kwana. Mai son sauyi ya nemi ruwan ɗorawa. Ba wai ya fi keta ƙura ba ne, amma bai kai fari gajiyar da ido ba; Faransa ma sai a 1993 ta daina tilasta wa motocinta irin wannan launi. Bayan an ɗaura, a tsaya taku goma daga bango da dare a kunna. In hasken ya haura tsayin fitilar kanta, a sunkuyar da ita. In kuma sarari ya washe, a kashe ta.

Saura Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988. Jami'anta suna tsayawa da rana suna duba takardu, alhali wannan ɓarna da dare take faruwa. Muna roƙonsu, tare da shugabannin tashar mota na Keffi, su riƙa sa direba ya kunna fitilunsa a duba kafin a yi lodi, daga watan Nuwamba har zuwa Fabrairu.