Public Enemies: ɓarawo ɓarawo ne, ko da kwat a jikinsa

1/ Jiya da daddare na sake kallon Public Enemies na 2009, inda Johnny Depp ya fito a John Dillinger, ɗan fashin bankunan Amurka. Abin da ya tsorata ni: sai ga ni ina yi masa fatan ya tsira.

2/ Ba ni kaɗai ba ne. A 1933 da 1934 Amurkawa da yawa sun so shi. Tattalin arziki ya karye, dubban bankuna sun rushe da ajiyar talakawa. Duk wanda ya mari banki, tafi ake masa.

3/ Ga shi ɗan wasa. A Maris 1934 ya gudu daga kurkukun Crown Point da abin da ya ce bindigar katako ce, a motar jami'ar da ke tsare da shi.

4/ Amma fa bai yi fashi don talaka ba, aljihunsa ya cika. A fashin East Chicago, Janairu 1934, an harbe ɗan sanda William O'Malley, aka tuhumi Dillinger da kisan.

5/ Fim ya ba shi kwat, hula da soyayyar Billie Frechette. Waɗanda aka kashe kuwa, kafin ka ƙifta ido kyamara ta wuce su.

6/ Ranar 22 ga Yuli 1934 aka bindige shi a ƙofar silimar Biograph a Chicago, yana da shekara 31.

7/ Ku kalla, fim ne mai kyau. Amma gobe in ɗan bindiga ya baje kuɗin fansa a TikTok, kafin ka danna masa like, tambayi kanka: gonar wa aka sayar aka tara su?