Kallo Ya Fi Harbi

A cikin teku akwai wata dabba da ake kira dolfin. Siffarta ta kifi ce, amma ba kifi ba ce, gama iska take shaƙa, kuma tana ba ɗanta nono. Mutane sukan biya kuɗi, su shiga jirgin ruwa don su ga tana tsalle. Yau waɗansu su kalla, gobe waɗansu su zo, mai jirgi yana ta samun abincinsa.

Mu ba mu da teku, amma Allah bai rage mu da kome ba. Kogin Mariga na ƙasar Birnin Gwari yana zuba cikin Kogin Kaduna, shi kuwa ya gangara ya haɗu da Kwara. A Kwara akwai dorina da kada da ayu. Ayu ma, kamar dolfin, yakan ɗago hanci ya shaƙi iska, yana kuma shayar da ɗansa. Ciyawar ruwa yake ci, ba ya cutar kowa, amma ana kashe shi saboda namansa da kitsensa, har ya yi wuyar gani.

A tudu kuma muna da dajin Kamuku. An keɓe shi tun 1936, a 1999 kuma ya zama gandun daji na ƙasa. An san shi da giwa da gwanki da gwaggon biri. Da ɓarayi suka mai da shi maɓoya, sai baƙi suka ɗauke ƙafa.

A ganina, kallo ya fi harbi. Wanda ya kashe ayu ya ci nama na kwana biyu, shi ke nan. Wanda ya bar shi, jikokinsa ma za su gan shi. Maharbi yakan ce yunwa ce ta sa shi, kuma yunwa ba wasa ba ce. Amma in ya ƙarar da dabbobin, me zai ci baɗi?

Saboda haka, yara, ku ajiye danƙon harbin tsuntsu. In kun shiga jirgi tare da manya, ku zauna ku yi shiru, kada ku yi jifa. Kada a matsa kusa da dorina mai ɗa, gama takan kife jirgi. Ku duba da kyau, ku zo ku ba 'yan ajinku labari. Gani ya kori ji.