Ƙumar ruwa: mu tafi tabki mu gani

Yara, in kun ɗebo ruwan tabki cikin farar kwalba kuka ɗaga ta sama, za ku ga wasu ƴan ɗigo-ɗigo suna tsalle a ciki. Ba ƙura ba ce. Ƙananan halittu ne masu rai, girman mafi yawansu bai wuce milimita 1 ko 2 ba. Da Faransanci ana ce musu « puces d'eau », wato ƙumar ruwa, saboda tsallen nan nasu, amma danginsu su ne ƙaguwa da jatan lande.

A ganina, bai kamata a koya wannan darasi a allo kaɗai ba. Zanen alli ba ya motsi, ita kuwa ƙumar ruwa motsinta ne darasin. Ku kai kwalbar cikin aji inda babu haske sosai, ku haska cocila a gefe guda. Bayan ɗan lokaci da yawansu za su taru wajen hasken. Amma rana mai ƙarfi gudunta suke yi. A tabki mai zurfi, da rana suna sauka ƙasa inda kifi ba ya ganinsu, da dare su hau sama su ci abinci. In iska ta yi ƙaranci cikin ruwa, jikin wasu yakan yi ja. In tabki zai ƙafe, sai su yi ƙwai masu tauri su bar su cikin laka. Ƙwan su kwanta duk rani, ƙasa ta tsattsage, shanu su taka, har damina ta dawo su ƙyanƙyashe.

Akwai kuma dalili mafi girma. Cikin waɗannan halittu akwai wata mai ido ɗaya, ana kiranta « cyclops ». Ita ce take haɗiye ƴaƴan kurkunu. Mutum ya sha ruwa da ita, bayan kamar shekara guda tsutsa ta fito masa a ƙafa, tsawonta har ya kai mita 1. Sau da yawa da damina take fitowa, lokacin noma, sai gona ta zauna babu mai aiki. Ku tambayi kakanninku.

A shekarar 1986 an ƙiyasta mutum miliyan 3 da rabi suna kamuwa da kurkunu a duniya. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa Nijar ta rabu da shi. Shi ya sa wasu suke cewa tace ruwa ya zama aikin banza. Ban yarda ba. Cutar ba ta ƙare a duniya ba, a Cadi an same ta har a jikin karnuka, mutane kuma suna tafiya suna dawowa.

Ku tace ruwan kwalbar da ƙyalle mai tsabta, mai ƙananan ido, ku sake dubawa: ƙumar ta tsaya a ƙyallen. Sai dai ƙyalle ba ya tare dukan ƙwayoyin zawo. Ruwan tabki, in dole ne a sha shi, a tace shi, sannan a tafasa.