Mas'alar Sunan Ƙasa A Jikin Ƙaramar Bindiga

Akwai wata gardama da ta daɗe tana gudana a ƙasar Amurka, inda doka ta yarje wa talaka ya mallaki ƙaramar bindiga, wato wadda dattawa suka sani da sunan libarba, da 'yar'uwarta fistol. Mutum ya tara kuɗinsa ya nufi kantin makamai, sai ya tsaya yana waswasi: ta Jamus zai ɗauka, ko ta Italiya, ko ta Turkiyya mai araha, ko kuwa ya tsaya ga ta ƙasarsa saboda kishi? Wannan mas'ala ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa zama a kasuwar Kurmi, gama haka ake yi wa yadi da kwano da agogo. A juya a dubi gindi, in an ga sunan Ingila a ƙara kuɗi, in an ga na Sin a yamutsa fuska. Abin da ya raba su shi ne, yadi in ya fito da algus hasarar kuɗi ce da jin kunya, amma bindiga in ta fito da shi, yatsu ne za su biya, ko ido, ko rai.

Malaman hadisi ba su taɓa wadatuwa da sanin garin mai ruwaya ba. Sai sun bincike shi kansa: wa ya karantar da shi, yaya kiyayewarsa take, a wace shekara ya ji abin da yake faɗa, ko ya rikice bayan tsufa. Nisba tana nuna inda mutum ya fito, shaidar adalcinsa kuwa wani wuri ake nemo ta. Sunan ƙasa da ake bugawa a jikin ƙarfe nisba ne, kuma sau da yawa nisbar ma ba ta inganta ba. Fatake sun fi kowa sanin haka. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi ɗaruruwan shekaru tana ƙetare Sahara, Turawa suna saye suna ɗaure littattafansu da ita, suna kiranta fatar Maroko, don kawai daga can ta hau jirgin ruwa.

A dubi John Browning, wanda ba a yi maƙerin ƙananan bindigogi da ya fi shi suna ba. Ba'amurke ne, an haife shi a Ogden ta jihar Yuta a 1855. Amma tun daga 1897 ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin FN da ke Herstal, kusa da birnin Liyej a ƙasar Beljiyam, can aka ƙera da yawa daga cikin fistol ɗinsa, can kuma ajali ya same shi a 1926. Da ɗaya daga cikinsu, samfurin 1910, Gavrilo Princip ya harbe magajin sarautar Ostiriya a Sarayebo ran 28 ga Yuni 1914, harbin da ya buɗe ƙofar Yaƙin Duniya na Farko. Zanen Ba'amurke, ƙirar Beljiyam, ta biyo ta Sabiya. To, 'yar wace ƙasa ce? Fistol ɗin da ya mutu bai gama ba, Dieudonné Saive ya kammala ta, ta fito a 1935 tana cin harsashi 13. Da Jamusawa suka mamaye Beljiyam a 1940 suka ci gaba da ƙera ta wa sojansu, can kuma a birnin Toronto na Kanada kamfanin Inglis ya soma ƙera ta a 1944 wa abokan gabansu. Zane ɗaya, ƙasa biyu, ana harbin juna da ita.

Wanda ya fi wannan ban mamaki shi ne labarin Walther. Bayan yaƙin Hitila an hana Jamus ƙera makamai, sai kamfanin ya ba Manurhin na Faransa izini, daga 1952 aka riƙa yin samfurin PP da PPK a garin Mulhouse. Ko bayan an ɗage hanin, an yi shekaru ana sassaƙa ƙarfen a Faransa, a kai shi Ulm a ƙarasa, a gwada, a buga masa sunan Jamus ta Yamma. Mutane da dama sun biya kuɗi mai tsoka suna alfahari da aikin Bajamushe, alhali gumin Bafaranshe ne ya fi yawa a ciki. Bindigar kuwa ba ta da aibi, abin da ya yi kuskure shi ne dalilin da ya sa suka yabe ta.

A zamanin nan abin ya ƙara cakuɗewa. Sojan Amurka sun riƙe fistol ɗin Colt ta 1911 har shekara saba'in da 'yan kai, a 1985 suka koma ga Beretta, gidan maƙera na Italiya wanda takardunsa suka kai 1526, amma da sharaɗin a dawo da ƙirar cikin Amurka, aka yi ta a jihar Merilan. A 2017 suka sake, suka ɗauki ta SIG Sauer. Sunan nan gamin gambiza ne na Suwizalan da Jamus, bindigar kuwa a jihar Niyu Hamsha ake yin ta, ma'aikatar kamfanin da ke Eckernförde a Jamus ma an rufe ta a 2020. Ba'amurken da ya sayi Springfield XD don ya ji sunan garinsu, in ya duba da kyau zai ga an rubuta Kuroshiya, gama kamfanin HS Produkt ke yin ta a Karlovac. Shi kuwa Gaston Glock na Ostiriya, kafin ya taɓa bindiga sandunan labule da wuƙaƙe yake yi. A 1982 fistol ɗinsa mai gangar jiki ta roba ta cinye gwajin sojan ƙasarsa, ta kayar da tsofaffin gidaje masu suna, yau ana yin ta a Ostiriya ana kuma yin ta a Smyrna ta jihar Jojiya.

Ko da an tabbatar da ƙasar, ba a gama ba, domin gari ɗaya yakan fitar da na kirki da na banza. A 1915 Faransa ta rasa isassun fistol, ta ba kamfanin Gabilondo da Urresti na yankin Eibar a Sifen kwangilar guda 10,000 kowane wata. Kafin shekara ta fita an ɗaga zuwa 30,000, daga baya 50,000. Kamfanin ya kasa, ya rarraba aikin ga ƙananan maƙera barkatai. Duka aka kira su Ruby, duka 'yan Sifen ne, amma waɗansu ƙarfensu nagari, waɗansu kuwa mai taushi, har gidan harsashin wannan ba ya shiga cikin waccan. Ala tilas aka riƙa buga haruffan kowane maƙeri a jikin bindiga da gindin gidan harsashinta, don kada soja ya ɗauki wanda ba nasa ba a bakin daga. Sunan Sifen bai amfani kowa ba a ramin yaƙi, haruffan maƙerin ne suka yi amfani.

Kazalika kamfani ɗaya yakan yi daidai yau ya yi kuskure gobe, kamar mai ruwayar da ya rikice. Taurus na Barazil ya sayi ma'aikatar Beretta da ke Sawo Paulo a 1980, da injunanta da zanenta da ma'aikatanta, ya fitar da PT92 wadda ta yi suna. Shi ne kuma a 2015 ya yi sulhu a kotun Amurka game da waɗansu samfurori nasa, kusan guda miliyan ɗaya, da aka yi ƙarar suna iya tashi in sun faɗi ƙasa, ko da yake bai amsa laifi ba. Masu ƙyamar kayan waje suka ce ai ga shi nan. Sai dai Remington, gidan Amurka da aka kafa tun 1816, ya fitar da R51 a 2014, bai cika shekara ba ya tsayar da ƙirarta saboda lahani. SIG Sauer ma a 2017 ya kira masu P320 su kawo a gyara musu, bayan an nuna tana iya tashi in ta faɗi ta wata fuska.

Duk da haka ba za a ce ƙasa ba ta da tasiri ko kaɗan ba, wanda ya faɗi haka ya wuce gona da iri. Tasirinta yana wajen doka. Tun 1637 maƙeran London suka sami izinin sarki na gwada bindigogi, Liyej ta bi a 1672, Bamingam a 1813. A 1914 aka kafa majalisar ƙasa da ƙasa ta wannan gwaji, wadda ake taƙaita sunanta da C.I.P., a cikinta akwai Beljiyam da Ingila da Jamus da Faransa da Italiya da Sifen da Ostiriya da waɗansu. A waɗannan ƙasashe ba a sayar wa jama'a bindiga sai an kai ta gidan gwaji wanda ba na kamfanin ba ne, a ɗura mata harsashi mai ƙarfin da ya ɗara na yau da kullum da kamar kashi 30 cikin 100, a harba, a duba. In ba ta tsage ba, ba ta kumbura ba, a buga mata hatimi. Amurka ba ta cikin wannan majalisa. Can akwai ƙungiyar masu sana'ar, SAAMI, tun 1926, amma bin ƙa'idarta ganin dama ne, kamfani shi ke gwada kayansa, tsoron shari'a da zubewar suna su ke tsare shi. Wannan shi ne bambanci na haƙiƙa, wato tsakanin kayan da shaidu suka gani da kayan da mai shi kaɗai ya rantse a kansu. Amma a lura, hatimin nan iyakar shaidarsa ita ce ƙarfen bai fashe ba ran gwaji. Bai ce ba za ta cije ba, bai ce kunamarta tana da aminci ba.

Wuri na biyu shi ne siyasa, kuma nan ɗan kasuwa zai fi ganewa, gama ya san zafin sayen mota wadda babu kayan gyaranta. A 1968 Amurka ta yi dokar da ta gindaya wa ƙananan bindigogin waje awo da nauyi, PPK ta gaza da ɗan kaɗan, sai Walther ya ɗora samanta a kan gangar PP ya kira ta PPK/S, ta wuce. A 1994 aka hana shigo da irin waɗannan makamai daga Sin, a 2021 aka sa takunkumi ga harsasan Rasha. Wanda ya riƙe kayan ƙasar da aka yi faɗa da ita, shi da sababbin kayan gyara sai a hannun 'yan gwanjo. Ga kuma rikicin harsashi. Ga uku daga cikin waɗanda ake kira milimita tara: na Georg Luger na 1902, da gajere na Browning na 1908, da na Makarov wanda Tarayyar Sobiyet ta ɗauka a 1951, wanda ya ɗan fi su kauri. Suna ɗaya, amma ba sa maye gurbin juna, kuma cusa wani a mazaunin wani ganganci ne.

Abin dariya, asalin buga sunan ƙasa ma ba don yabo aka yi shi ba. Ingila ce ta yi doka a 1887 don mutanenta su gane kayan Jamus su guje su, sai reshe ya juye da mujiya, sunan ya zama abin nema. Da zarar kuwa suna ya zama kuɗi, masu jabu sun samu sana'a. A Darra Adam Khel ta Pakistan akwai maƙeran da ke kwaikwayon bindigogin Turai da hannu, har da suna da lamba da hatimin gwaji, wanda bai ƙware ba ba zai rarrabe ba. Ƙarfe ba ya musu da abin da aka rubuta masa.

Wannan ne ya kawo zancen gida. Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta kasa bindigogi kashi uku. Ta ɗuri, irin ta mafarauta, lamarinta yana hannun Kwamishinan 'yan sanda na jiha. Ta harbin tsuntsu da makamantanta sai da lasin daga Sufeto Janar. Libarba da fistol kuwa an sa su a kashin farko, tare da bama-bamai da bindiga mai sarrafa kanta, wato haramtattu, ba mai mallakarsu sai da iznin Shugaban Ƙasa. Yarjejeniyar da ƙasashen ECOWAS suka sa wa hannu a Abuja a 2006 ta ce a buga wa kowane makami lambarsa da sunan maƙerinsa da ƙasarsa da shekararsa, manufar kuwa ita ce hukuma ta iya bin sawunsa in an yi ɓarna da shi.

Ba a musun halin da fatake ke ciki a kan hanyoyi, tsoron da ke sa attajiri ya saurari mai raɗa masa cewa akwai wata 'yar Italiya ko 'yar Beljiyam a ɓoye, tsoro ne na gaskiya. Amma a auna wannan ciniki da ma'aunin da aka ambata. Ba a san maƙerin ba, ba a san shekarar ba, lambar galibi an goge ta da zarto, ba a san hannun da ta fito ba balle jinin da ke kanta, harsashin kuma ba a san irinsa ko kwanansa ba. Ba shaidu, ba gwaji, ba damar mayarwa in aibi ya bayyana. Ba abin da ya rage sai sunan ƙasar, wanda shi ne mafi sauƙin bugawa, kuma a kansa dillali ke ninka farashi. In aka kama mutum da ita, dokar ta tanadi ɗaurin da bai gaza shekara goma ba, ko Beretta ce ta ainihi daga Gardone, ko wadda aka ƙera a bayan gari aka rubuta mata Italiya.