Kafin a biya kuɗin ordinater, a tambayi shekarun furosesa

Masu iya magana sun ce kama da wane ba ta wane. Wannan magana ta dace da abin da ke faruwa a kantunan sayar da kwamfuta, wadda aka fi sani a nan da ordinater, daga babbar kasuwar Yamai har zuwa Maraɗi da Damagaram. Ɗan kasuwa ko ma'aikaci ya tara jikkunansa na watanni, ya shiga kanti, mai kaya ya nuna masa wata ƴar takarda da aka manna a jikin akwatin, ya ce: «Alhaji, wannan i7 ce, babu ta biyunta.» Sai ciniki ya faɗa, alhali ba a yi tambayar da ta fi kowace muhimmanci ba, wato shekarar da aka ƙera furosesar.

Furosesa ita ce ɗan ƙaramin guntun da ke yin dukkan lissafin na'ura. Kamfanoni biyu ne suka mamaye kasuwarta, Intel da AMD, dukansu na Amurka. Sunayen Core i3, i5 da i7 matsayi ne kawai a cikin gida ɗaya, kamar ƙane da wa. Zamani kuwa yana cikin lambar da ke biye da sunan. A cikin i7-3770, lambar 3 ta farko tana nufin zamani na uku, na shekarar 2012. A cikin i5-8500, zamani na takwas ne, na 2018. A cikin i3-12100, zamani na 12 ne, na 2022. Wannan i3 ta 2022 tana da zukata huɗu kamar waccan i7 ta 2012, amma ta fi ta sauri nesa ba kusa ba. Ke nan ƙanen bana ya fi wan shekara goma da suka wuce ƙarfi.

Batun ya wuce na sauri kaɗai. Ran 14 ga watan Oktoba na 2025, kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen kulawar da ya saba yi wa Windows 10. Shi kuma Windows 11, bisa ƙa'idar kamfanin, yana neman furosesar Intel daga zamani na takwas zuwa sama, ko ta AMD irin su Ryzen 5 2600 da waɗanda suka biyo bayanta. Da yawa daga cikin na'urorin okaziyo da ake kwasowa daga ma'aikatun Turai ba su cika wannan sharaɗi ba, shi ya sa suke da araha. Wanda ya adana lissafin kantinsa, bashin abokan cinikinsa ko takardun ma'aikatarsa a cikin irin wannan na'ura mai shiga intanet, ya bar ƙofar gidansa ba sakata.

To, me ya kamata mai ƙaramin ƙarfi ya saya? Ga aikin biro, wato rubuta wasiƙu, lissafi da Excel da aika saƙonni, i5-8500 ta zamani na takwas ta wadatar, domin zukata shida gare ta. In sabuwa ake so, i3-12100 ta isa har ta yi saura. Rarar kuɗin a zuba ta wajen RAM, aƙalla giga 8, da faifan SSD maimakon tsohon faifai mai juyawa. Sau da yawa nawar na'ura daga faifai take.

Ga uban da ƴaƴansa suka matsa masa da wasannin kwamfuta, Ryzen 5 5600G ta 2021 zaɓi ne mai kyau: zukata shida, kuma tana ɗauke da sashen hoto nata na kanta wanda ke iya ɗaukar wasanni marasa nauyi ba tare da an sayi katin hoto ba. A nan sai an lura da harafin ƙarshe. A wajen Intel, harafin F yana nufin babu sashen hoto ko kaɗan. In ba a ƙara kati ba, allo zai tsaya baƙi ƙirin. Harafin K kuma na masu neman gudu ne, yana da tsada, yana shan wuta sosai.

Shan wuta ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar da zafin Afirilu da Mayu ke haura digiri 40, ga ƙurar hunturu mai toshe fanka, ga yankewar wuta. Furosesa mai wat 65 ko ƙasa da haka ta fi mai wat 125 jure wa ɗaki marar sanyi, kuma ba ta saurin cinye batirin ondiler.

Daga ƙarshe, kada a yarda da takardar da aka manna a jikin akwati, domin manna ta ba wuya. A sa mai kanti ya kunna na'urar, a buɗe «Gestionnaire des tâches», a shiga «Performances», cikakkiyar lambar furosesa za ta bayyana. A rubuta ta a kan rasit kafin kuɗi su bar aljihu. Mai kantin kirki ba zai ƙi ba. Sayen nagari, mayar da kuɗi gida.