Wasan Bayan Gida Da Ya Zama Gasa: Me Ya Hana Langarmu?

Kowace shekara idan makarantun boko suka rufe a watan Yuli, sai kukan gidaje ya zama iri ɗaya tun daga Cacavéli har Agoè-Zongo: yara sun cika titi, masu zemijan na ƙara mai, ƙwallo ta fasa gilashin tagar maƙwabci, wanda kuma aka kulle a gida ya duƙufa a kan wayar uwarsa daga hantsi har dare. Makarantar allo takan ɗauke musu safiya da wani yanki na yamma, amma sauran wunin yana nan, kuma yaro mai lafiya dole ya sami inda zai sauke ƙarfinsa. A kan wannan ne nake son mu duba yadda wasu suka ɗauki wasan bayan gida suka mai da shi gasa mai tsari, sa'annan mu waiwayi namu.

A shekarar 1953, a garin Fairfield na jihar Connecticut ta Amurka, wani magidanci mai suna David Mullany ya ga ɗansa ɗan shekara 12 yana wasa da abokansa a bayan gida. Babban wasan ƙasarsu shi ne besbol, wato mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya tare ta da kulki ya buga, sauran su yi ƙoƙarin cafewa. To, ƙwallon besbol tauri gare ta kamar dutse, filinta kuma babba ne, ana bukatar mutum tara a kowane ɓangare. Yaran ba su da fili, ba su kai adadin ba, ga tsoron fasa tagogin mutane, don haka da sandar tsintsiya da wata 'yar ƙwallon roba suke lallaɓawa. Yaron yana ta murɗa hannu don ƙwallon ta karkace a iska har dantsensa ya soma ciwo. Uban, wanda shi kansa ya taɓa zama mai jifa, sai ya zauna yana huda ƙwallayen roba masu rami a ciki, yana gwadawa, har ya dace da wadda aka yi wa huji takwas masu tsawo a gefe guda. Iska na shiga hujin, sai ƙwallon ta lanƙwasa ko ta nutse ba tare da mai jifa ya wahalar da hannunsa ba. Ga ta shafal, ba ta tafiya da nisa, ba ta kuma fasa komai. Suka sa mata suna Wiffle, daga wata kalma da yaran ke faɗi idan mai bugu ya kai duka ya sami iska. Iyalinsa ne ke ƙera ta a garin Shelton, tare da siririn kulkinta na roba mai ruwan ɗorawa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne dabarun da suka yi don rage musu, domin duk wanda ya taɓa raba faɗan yara a kan ƙwallo ya san musu ne ke kashe wasa. Ana shata filin kamar bakin mashi: tsinin yana wurin mai bugu, yana buɗewa zuwa gaba. A cikinsa ana ja layuka a gicciye. A tsarin asali babu gudu sam. Idan ƙwallo ta wuce layin farko ba a cafe ba, an ci zango ɗaya. Layi na biyu, zango biyu. Na uku, zango uku. Idan ta tsallake shinge, an zagaye fili ke nan gaba ɗaya. Masu gudun a zuci ake riƙe su, kowa ya san akwai mutum a zango na biyu ko da ba kowa tsaye a wurin, kuma idan bugu na gaba ya tura shi gida sai a rubuta maki. Bayan mai bugu kuma akan kafa wani allo ko kujera. Idan jifa ya wuce shi ya daki allon, jifa ya yi kyau, an ƙirga masa kuskure ɗaya, ba sai an nemi alƙali ya ce ya yi sama ko ya yi ƙasa ba. Ƙarar allon ita ce hukunci. Kuskure uku, ya fita. Haka idan aka cafe ƙwallonsa kafin ta taɓa ƙasa. Idan adadin waɗanda aka fitar ya cika, sai masu tsaro su karɓi kulki, masu bugu su koma tsaro. Da mutum uku zuwa biyar a kowane ɓangare an tashi wasa.

Da yaran nan suka girma ba su yar da abin ba. A 1980 aka fara wata gasa a garin Mishawaka na jihar Indiana, wadda masu ita suka kira gasar duniya, kuma daga baya irinta suka yawaita, kowace da ƙa'idarta: wasu sun yarda a yi gudu, wasu sun kayyade ƙarfin jifa, wasu sun bar masu jifa su kankare ƙwallon da wuƙa ko takardar gugar katako don ta ƙara karkacewa. Yawanci akan raba ƙungiyoyi rukuni-rukuni da safe, kowa ya kara da kowa, da rana kuma a shiga zagayen sili ɗaya ƙwale. Idan tazarar maki ta yi yawa sai a tsayar da wasa, don kada a wulakanta wanda aka rinjaya, kuma don a sami lokacin na gaba. Magidanta masu furfura suna sa riguna iri ɗaya suna tafiya mai nisa saboda ƙwallon roba. Mai karatu na iya yin dariya, ni ma na yi, amma su sun riƙe abin da muhimmanci.

Hukumar besbol ta duniya ma ta bi wannan hanya. Ta ɗauko wani wasan titi na yaran Kuba, wanda ake buga ƙwallon roba da tafin hannu, ba kulki ba mai jifa, ta rubuta masa doka ta kira shi Baseball5, mutum biyar-biyar. An yi gasar cin kofin duniyarsa ta farko a birnin Meziko a 2022, Kuba ta ɗauka, an kuma sanya shi cikin wasannin Olamfik na matasa na Dakar na 2026.

To, mu fa? Ba na kiran kowa ya yi odar kulkin roba daga Amurka. Muna da wasan da bai bukatar ko sisin kwabo, wato langa. Dattawanmu da suka taso a Kano ko Katsina ko Maraɗi sun san ta a dandali lokacin farin wata, musamman bayan an kawar da amfanin gona. Yaro zai lanƙwashe ƙafa ɗaya ta baya ya riƙe ta da hannu, ya riƙa tsalle da ɗayar. A raba yara gida biyu, a zaɓi wuri a ce nan ne masha, ɓangaren da ke da wasa kuma su fitar da mutum ɗaya su ce shi ne ruwa. Aikin 'yan uwansa su kare shi, su buɗe masa hanya. Aikin abokan hamayya su kayar da shi kafin ya isa. Duk wanda ya faɗi, ko ya saki ƙafarsa, ya mutu, sai ya koma gefe. Idan ruwa ya isa masha, an sha su. Idan aka kayar da shi, wasa ya koma hannun ɗaya ɓangaren. A cikin wannan ɗan tsari akwai dabara mai yawa. Wa za a sa ruwa, mai sauri ko mai ƙarfi? A tura manya gaba su share hanya, ko a bar su kewaye da shi? Yaron da ya fi kowa ƙarfi yakan gane da wuri cewa idan ya tafi neman suna shi kaɗai, ta bayansa za a bi a kayar da ruwansu.

Langa ta riga ta shiga fagen gasa. A Nijeriya akwai hukumar wasannin gargajiya ta ƙasa da ke kula da ita tare da dambe, kokawa, ayo da abula, kuma jihohi suna karawa a kanta a bikin wasanni na ƙasa, wanda aka fara tun 1973 a Legas. A can an kasa ta gida uku: ruwa, kawo shi, da ture shi, sunayen kuwa sun bayyana kansu. Ita abula ma darasi ce: wani malamin motsa jiki, Elias Yusuf, shi ya ƙirƙiro ta a Legas a 1984, ana buga ƙwallo da faffaɗan katako a tsallake raga, mutum huɗu-huɗu. A Nijar kuwa, kokawar da ake yi a ƙauyuka bayan girbi ita ce aka mai da gasar takobin ƙasa tun 1975 a Tahoua, jihohi takwas kowace ta kawo 'yan kokawa goma, ƙasa gaba ɗaya ta kasa kunne a rediyo. Nan gida Togo mun ga yadda kokawar Evala ke tara jama'a a yankin Kara kowane watan Yuli. A duk waɗannan, abin da aka ƙara wa wasan kaɗan ne: fili mai iyaka, doka a rubuce, alƙali, da ranar da kowa ya sani.

Fili shi ne babbar matsalarmu. Lokacin da aka rushe tsohon Zongo na tsakiyar Lomé a 1977 aka mai da mutane arewacin gari, sarari ba abin nema ba ne. Yau kusan kowane kango an kewaye shi da bulo, abin da ya rage sai titi. Ƙwallon ƙafa, ko da ta ƙananan raga ce irin wadda samari ke shirya gasarta a lokacin hutu, tana son wuri mai faɗi, kuma manya ne ke mamaye shi, ƙanana su tsaya kallo. Langa kuwa farfajiyar makarantar islamiyya ko tsakar babban gida ta ishe ta. Sharaɗi ɗaya ne ba sassauci a kansa: ƙasar ta zama yashi mai laushi. Kada a yi ta a kan siminti ko daɓen titi, domin faɗuwa tana cikin wasan. A share wurin tsaf, a tsince ƙusa da fasassun kwalabe, a ja layi da toka.

Lissafin gasar ba wuya. A ce an sami ƙungiya takwas, kowane layi ko kowace makarantar allo ta kawo ɗaya. A raba su rukuni biyu, huɗu-huɗu. A kowane rukuni karawa shida ce, jimla 12. A ƙara biyu na kusa da ƙarshe da ɗaya na ƙarshe, ya zama 15. A Lomé rana takan faɗi wajen ƙarfe shida kusan duk shekara, saboda haka tsakanin sallar la'asar da magariba akwai kimanin awa biyu. Karawa uku a kowace yamma, cikin kwana biyar an gama, kuma a tashi da sauran haske don yara su wanke jiki su riski jam'i. Dokar kada ta wuce shafi ɗaya, a rubuta da Hausa da Faransanci, a karanta ta a gaban kowa ranar farko, a manna a bango. Daga nan ba mai canza ta sai wata shekara, ko da an ga aibinta a tsakiyar gasa.

Batun shekaru ne zai kawo rigima, kamar yadda yake kawowa a kowace gasar yara a nahiyar nan. Ni a ganina a bar takardar haihuwa a gida. Tun da wasan na ture-ture ne, girman jiki ya fi shekaru muhimmanci. A yi zane a bango, wanda kansa ya wuce zanen ya tafi rukunin manya. Wannan ita ce dabarar allon nan na Amurkawa: a bar abin da ido ke gani ya yanke hukunci. Alƙali kuma ya zama wanda ba shi da ɗa ko ƙane a cikin masu karawa, a ba shi mataimaki ɗaya da ba ya kallon komai sai hannun da ke riƙe da ƙafa, domin nan ne ake maguɗi, yaro ya saki ya sake kamawa cikin ƙiftawar ido. A hana duka da gwiwar hannu, a hana jan riga, a hana ture wanda ya ba da baya.

Sauran haɗarin daga manya yake zuwa. Da zarar gasa ta yi armashi za a sami masu tsayawa a gefe suna sa kuɗi a kan 'ya'yan mutane. Wannan caca ce, kuma ranar da ta shigo yaro zai fara jin cewa faɗuwarsa ta jawo wa wani asara. A kore ta tun ranar farko, ba kunya. Haka uban da zai shiga fili yana zagin alƙali, a fitar da shi, ƙungiyar ɗansa ta ci gaba da wasanta. Kyauta ma kada ta zama kuɗi a ambulan. Hutu na ƙarewa ne a watan Satumba, lokacin da kowane gida ke lissafin littattafan rubutu da alƙaluma da jakar makaranta; 'yan kasuwarmu biyu ko uku za su iya ɗaukar wannan, a ba kowane yaron da ya shiga wani abu, waɗanda suka yi nasara a ƙara musu.

'Yan mata fa, kada a ce su zo su yi kallo su tafa. Langa wasan maza ce tun asali, amma su ma suna da nasu: 'yar gala-gala, carafke, da ampe da suka koya wurin maƙwabtanmu, wadda ke da ƙungiya-ƙungiya da ƙirgen maki tun fil azal. A ware musu yammarsu da farfajiyarsu, iyaye mata su yi alƙalanci, a yi musu lissafin rukuni iri ɗaya da kyauta iri ɗaya.

Akwai dattawa a unguwar nan da suka yi langa da ƙafarsu, kuma za a tarar dokar Katsina ta ɗan saɓa da ta Maraɗi ko ta Sakkwato, musamman a kan wace ƙafa ake riƙewa da wane hannu, da nisan masha. Kafin hutu ya zo, a tara uku ko huɗu daga cikinsu bayan sallar Juma'a, a sa wani ɗalibi ya riƙe alƙalami, su yi musunsu su gama, abin da suka daidaita a kai shi ne za a manna a bango.