Aion 2: yadda ake buga wasan da inda kuɗin ɗan wasa ke shiga

A ranar 19 ga Nuwamban 2025 kamfanin NCSoft na Koriya ta Kudu ya buɗe sabon wasansa na intanet mai suna Aion 2, amma ga ƴan wasan Koriya da Taiwan kaɗai. A lokacin, kamfanin ya ce sauran ƙasashen duniya za su samu nasu rabon a cikin 2026. Tun ranar farko aka samu tangarɗa. Ƴan wasa sun tarar ana sayar da wasu kayayyaki masu ƙara wa jarumi ƙarfi a shagon cikin wasan, alhali kamfanin ya yi alƙawarin ba zai yi haka ba. Hannun jarinsa ya faɗi da fiye da kashi 10 cikin ɗari a wannan rana, kuma sai da jagororin aikin suka fito kai tsaye a intanet suka ba da haƙuri, suka janye kayan.

Wanda bai san yadda ake buga irin wannan wasa ba zai yi mamakin yadda kayan da ba a iya taɓawa da hannu za su girgiza kasuwar hannun jari. Amsar tana cikin dokokin wasan kansu, domin a nan ne aka dasa hanyoyin da kamfani ke samun kuɗi.

Duniyar da ba ta rufewa

Aion 2 na cikin rukunin wasannin da ake kira MMORPG. Dubban mutane ne ke shiga duniya guda ta tatsuniya a lokaci guda, kowa da jarumin da ya ƙera wa kansa. Duniyar tana zaune ne a manyan kwamfutocin kamfani, ba a cikin wayar ɗan wasa ba, don haka ko mutum ya kashe na'urarsa ya kwanta, kasuwa na ci kuma yaƙi na gudana. A nan ya bambanta da Free Fire ko PUBG Mobile da matasa suka saba bugawa a fada, inda ake gama zagaye cikin ƴan mintuna kowa ya tashi. A MMORPG jarumi ɗaya ake reno wata da watanni, wani lokaci shekaru.

Labarin ya samo asali ne daga Aion na farko, wanda ya fito a Koriya a 2008, ya isa Turai da Amurka a 2009. Wata duniya ce mai suna Atreia da ta tsage biyu bayan rushewar wata doguwar hasumiya. Mutanen ɓangaren haske su ne Elyos, na ɓangaren duhu kuma Asmodian, sannan ga wasu dodanni da ake kira Balaur masu gaba da kowa. Sabon wasan ya ɗauko labarin ne shekaru 200 bayan na farko. Abin da aka fi sanin Aion da shi shi ne fukafukai: jarumi na iya tashi sama, ya yi tafiya ko ya yi faɗa a cikin iska.

Zaɓi biyu na farko

Sabon ɗan wasa zai fara da zaɓen ɓangare, Elyos ko Asmodian. Abokan da ke son yin wasa tare sai su daidaita tun kafin su shiga, don wanda ya zaɓi ɗaya ɓangaren ya zama abokin gaba.

Zaɓi na biyu shi ne sana'ar jarumi. Wasan ya fito da sana'o'i takwas: mayaƙi mai babban takobi, mai garkuwa, mai kisan mummuƙe da wuƙaƙe, maharbi, matsafi, mai kiran iskoki, mai warkarwa, da mai sanda wanda ke ƙara wa ƴan uwansa kuzari. Duk da yawansu, aiki uku ne suke yi. Akwai mai tsayawa gaba ya jawo hankalin dodo ya sha bugu a madadin sauran. Akwai mai mayar wa waɗanda suka jikkata lafiyarsu. Sauran kuma aikinsu kai farmaki. Idan mai garkuwa ya faɗi, dodo zai juya kan mai warkarwa, kuma da zarar shi ma ya faɗi, ƙungiyar ta watse.

Daga nan sai hawan matakai. Mutanen da kwamfuta ke sarrafawa a cikin garuruwan wasan suna ba da aike: kashe dabbobi kaza, kai saƙo wuri kaza, tono ma'adini. Kowane aike na kawo maki, makin na ɗaga matakin jarumi, matakin kuma na buɗe sababbin dabarun faɗa. Bayan an kai matakin ƙarshe, ƙarfi ya koma ga kayan yaƙi: takobi, sulke, zobe. Mafi kyawunsu suna cikin kogunan da ake shiga mutum ɗaya, ko huɗu, ko takwas, inda babban dodo ke jira a ƙarshe. Akwai kuma filin da ake kira Abyss, inda ɓangarorin biyu ke gwabzawa kai tsaye, mutum da mutum. Ƴan wasa na kafa runduna mai shugaba da dokoki da lokutan haɗuwa, kuma wanda ya cika fashi ana iya sallamarsa.

NCSoft ya gina faɗan Aion 2 a kan dannawa da hannu: kauce wa sara, juyawa bayan dodo, sakin dabara a daidai lokacinta. Wannan sauyi ne babba ga kamfanin da wasanninsa na waya, irin su Lineage M na 2017, suka shahara da barin jarumi yana farauta da kansa mai shi yana barci.

Banza ba ta kai zomo kasuwa

Shiga wasan kyauta ne. Kuɗin na fitowa ne daga baya, ta hanyar rajistar wata-wata mai ba da wasu damammaki, da tikitin kakar wasa mai ba da lada ga wanda ke shiga kullum, da tufafi da kayan ado na jarumi. Wasan na da kuɗinsa na ciki mai suna Kinah, wanda ake samu da gumi, da kuma wani na daban da ake saya da kuɗin gaske.

Rigimar ranar farko ta taso ne a kan iyakar da ke tsakanin ado da ƙarfi. Ɗan wasa ba ya damuwa idan wani ya sayi riga mai ƙyalli. Amma idan kuɗi na sayen ƙarfi, wanda ya kwashe wata uku yana shiga kogo zai faɗi a hannun wanda ya shigo jiya da katin banki. Ƴan wasan Koriya sun daɗe da wannan ƙorafi a kan NCSoft, kamfanin da Kim Taek-jin ya kafa a 1997, wanda Lineage na 1998 ya ɗaukaka. A 2021 fushin ya kai ga ƴan wasa suna hayar manyan motoci masu allon rubutu su ajiye su a ƙofar kamfanonin wasa don nuna adawa, kuma a shekarar ne hannun jarin NCSoft ya yi mummunar faɗuwa bayan fitowar Blade & Soul 2.

Babban abin da ake kuka da shi a wasannin wannan gida shi ne sa'a. Ana biyan kuɗi a buɗe akwati ba tare da sanin abin da ke ciki ba, ko a yi ƙoƙarin ƙarfafa takobi, ƙoƙarin ya ci tura, kayan da aka zuba su salwanta. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta yanke a 2018 cewa irin waɗannan akwatuna da ake saya da kuɗi caca ne. Koriya ta Kudu kuma tun watan Maris na 2024 ta wajabta wa kamfanoni bayyana yawan damar samun kowane kaya. Alƙawarin da NCSoft ya yi na sauya hali a Aion 2 martani ne ga wannan matsin lamba, shi ya sa saɓa shi a ranar farko ya yi tsada.

Akwai wani abu da sababbin shiga ke mantawa: kayan da aka saya ba mallakin mai saye ba ne. Ranar da kamfani ya kashe kwamfutocinsa, komai ya tafi. Bandai Namco ya rufe Blue Protocol a Japan a Janairun 2025, tun bai kai Turai da Amurka ba. Amazon ma ya sanar a Oktoban 2025 cewa ya daina ƙara sabon abu a New World, wasan da ya fito a 2021.

Lissafin ɗan wasa a Nijar

Ga matashin Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai da ke ganin bidiyon wasan a YouTube da TikTok, kuɗin farko ba na shago ba ne. An gina Aion 2 da fasahar Unreal Engine 5, don kwamfuta da waya, kuma wasanni masu irin wannan zane na bukatar na'ura mai ƙarfi da gigabait masu yawa kafin a fara, ban da sabuntawar da ke zuwa a kai a kai. Mai sayen forfe na kwana ko na mako zai ji a jikinsa.

Sai batun rezo. Manyan kamfanoni sun fi ajiye kwamfutocinsu a Turai, Amurka da Asiya, kuma a wasan da kaucewa ke bukatar daidaiton ƙiftawar ido, jinkirin saƙo tsakanin waya da kwamfutar kamfani na iya kashe jarumi. Shigowar Starlink Nijar a 2025 ta buɗe wata ƙofa ga mai hali, amma ba ta magance ɗaukewar wuta a lokacin zafi ba. Mai warkarwa da wuta ta ɗauke masa a tsakiyar kogo ya jawo wa mutum uku ko bakwai asarar lokacinsu.

Biyan kuɗi ma da nasa ƙalubalen. Farashin irin waɗannan wasanni da dala ko yuro ake sa shi, kuma yuro ɗaya sefa 655,957 ne a ƙayyade, wato abin yuro 10 ya haura jika shida da rabi. Da yake ba kowa ke da katin banki ba, da yawa kan bi ta hannun dillalai, kamar yadda ake yi wajen sayen lu'ulu'un Free Fire. Duk wanda ya miƙa wa dillali lambar sirrin asusunsa ya miƙa masa jarumin gaba ɗaya.

Lokaci shi ne kuɗin da ya fi yawa. An tsara ladan kullum da na mako ne don mutum ya ji ya yi asara idan bai shiga ba, runduna kuma na jiransa a sa'ar da aka tsayar. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya matsalar kamuwa da wasan bidiyo cikin kundin cututtukanta da ya fara aiki a Janairun 2022. Alamomin da ta zayyana su ne kasa tsayar da kai, fifita wasa a kan sauran harkokin rayuwa, da ci gaba duk da illar da ake gani, yawanci na tsawon wata 12. Yawancin masu wasa ba su kai nan ba, amma iyayen ɗalibin da ke shirin BEPC ko Bak ya kamata su san cewa wannan ba wasan minti goma ba ne, kuma ba a iya dakatar da shi a tsakiyar kogo.

Irin wannan wasa na da abin da yake koyarwa: aiki tare, raba nauyi, ciniki, da mu'amala da mutanen wasu ƙasashe da Faransanci ko Turanci. Idan aka fitar da sharuɗɗan sigar duniya, abubuwa uku ne za su nuna ko ya dace da aljihun ɗan wasa a Nijar: abin da rajistar wata-wata ke buɗewa wanda mai wasa kyauta ba zai samu ba, ko shagon na sayar da ƙarfi ko ado kaɗai, da kuma yankin da aka ajiye kwamfutocin da zai shiga.